Jinyar Inna Ce Ta Mayar da Ni ga Zare da Allura

Ni ba tela ba ce, kuma ban taɓa karɓar kuɗin ɗinki a hannun kowa ba. Ma'aikaciyar ofis ce ni, aikina lissafi da takardu, daga safe zuwa la'asar ina gaban kwamfuta. Amma yawancin abin da nake sawa a jikina yau da hannuna na yi shi, haka rigunan zaman gida na 'ya'yana, da suwaitar maigidana, da bargon da muke lulluɓa da shi idan sanyi ya shigo. Mutane kan tambaye ni yaushe nake samun lokaci. Wasu kuma sukan ce me ya yi zafi da zan riƙa wahalar da kaina, alhali ga kaya nan ɗinkakku jibge ko'ina. Tambaya ta biyun ce ta sa na zauna na rubuta wannan, domin amsarta tana da tsawo, kuma akwai mahaifiyata a ciki.

Gwaggona, ƙanwar mahaifina, ita ta fara ɗora mini kwarashi a hannu ina 'yar firamare. Sarƙa ta koya mini, sannan ɗauri ɗaya, sannan ɗauri biyu. Ina damƙe zare da ƙarfi har kan yatsana ya yi ja, ita kuwa sai ta taɓa bayan hannuna ta ce, "Ke 'yar nan, saki hannunki, zaren ba guduwa zai yi ba." Na saƙa wa 'yar tsanata hula, na yi 'yan ƙananan shimfiɗu na ɗora kofi, shi ke nan. Karatu ya zo, aiki ya zo, aure da 'ya'ya suka zo, kwarashi ya ɓace mini har na manta kamanninsa.

Sai Inna ta faɗi. Hawan jini ne ya kayar da ita, ya shanye mata ɓarin jiki na hagu, bakinta ya karkace, magana ta yi mata nauyi. Matar da ta raine mu da keken ɗinki, wadda ba ta iya zama hannu rabbana, ta koma sai an kwantar sai an tayar. Mun daɗe a asibiti, kuma ni ce mai kwana da ita. Wanda bai taɓa jinya ba yana ɗauka aikin ne ke gajiyar da mutum. Aikin kam akwai shi, amma abin da ya fi cinye ni shi ne zaman jira: jiran likita, jiran sakamakon gwaji, jiran ta farka, jiran gari ya waye. Waya ce a hannuna dare da rana, ina ta binciken ciwon a intanet, duk abin da na karanta sai ya ƙara tsinka mini zuciya. Barci ya ƙaurace mini, na rame har 'yan'uwa suka fara cewa kada jinyar ta zama biyu.

A gadon da ke kusa da namu akwai wata dattijuwa da ke jinyar 'yarta. Kullum da jakar leda a gefenta, cike da curin zare. Wani dare ta ga ina share hawaye ina kallon waya, sai ta jawo kujerarta kusa da ni, ta ce, "Ɗiyata, wayar nan ba ita za ta ba mahaifiyarki lafiya ba. Ajiye ta, karɓi nan." Ta miƙo mini kwarashi da zare ruwan toka. Na ce, "Baba, ai na manta." Ta ce, "Ke kika manta, hannunki bai manta ba." Gaskiyarta kuwa. Ina zura ƙugiyar cikin madaukin farko, na naɗo zare na jawo, sai yatsuna suka kama hanya da kansu. Allah ya saka wa matar nan da alheri duk inda take. An sallame su kafin mu, ban sake ganinta ba.

Na sha tunanin abin da ya sa saƙar ta riƙe ni a lokacin da lallashin mutane bai yi mini amfani ba. Saƙar kwarashi madauki ɗaya tak take da shi a kan ƙugiya a kowane lokaci. Ba kamar saƙar kibiya ba, wadda ake jera idanu da yawa a kan tsinke, idan ɗaya ya zame sai ya warware har ƙasa. A kwarashi ki gama da ido ɗaya, ya kulle, sannan ki matsa gaba. Ga shi kuma dole ki ƙirga: uku a nan, sarƙa biyu a kusurwa, uku kuma. Zuciya ba ta iya ƙirga da zullumi a lokaci guda. Ba na cewa saƙa magani ce, kuma duk wanda damuwa ta yi masa yawa ya nemi likita. Abin da na sani a kaina shi ne, a daren nan na yi barci, kuma da safe akwai wani abu a cinyata wanda jiya babu shi. A wurin da komai ya fi ƙarfina, ga abu ɗaya da ke ƙaruwa saboda na sa hannu.

Ƙananan murabba'ai na riƙa yi, waɗanda ake farawa daga tsakiya ana zagayawa. Suna da sauƙin ɗauka, ana iya ajiyewa a tsakiyar layi idan mara lafiya ta motsa. Kafin a sallame mu sun taru da yawa, na haɗa su suka zama ɗan bargo na rufe ƙafa. Inna ta riƙa shafa shi da hannunta mai lafiya tana bin layukan haɗin da ɗan yatsa. Idon mai ɗinki ne; haɗin take dubawa.

Da muka dawo gida na ɗauko ta zuwa wurina. A nan na gamu da abin da babu wanda ya faɗa mini: sa wa mai shanyewar jiki riga aiki ne babba. Wata nas ta koya mini ƙa'idar, cewa hannun da ya shanye shi ake fara zurawa, idan kuma za a cire shi ne na ƙarshe. To amma duk rigunan Inna ta ka ake sa su. Sai na tallafo ta zaune, na ɗaga hannun da ba ya ɗaguwa, kafaɗar tana yi mata zafi, wuyan riga ya maƙale a fuskarta, tana numfashi sama-sama a cikin yadi. Wata safiya da kanta ya fito daga wuyan rigar sai na ga hawaye yana bin gefen bakin da ya karkace. Ba ta ce komai ba, ta dai kawar da kai. Na san ba zafin kafaɗa kaɗai ba ne. Matar da ta yi wa mutane sutura shekara da shekaru, yau 'yarta ke kokawa da ita a kan riga.

Na nemi riga mai buɗewa ta gaba wadda za ta dace da ita. Wadda ta buɗe sai ta kasance da ƙananan maɓallai da ko mai hannu biyu sai ya natsu. Wata yadin roba-roba ne mai sa zufa. Wata kuma tana da ɗinki mai kauri a tsakiyar baya, daidai inda mai dogon kwanciya ke jin tsoron gyambo. Duk an ɗinka su ne don mutumin da ke tsayawa da ƙafafunsa, yana ɗaga hannu biyu. Babu wanda ya yi su da Inna a ransa, kuma ban ga laifin kowa ba, don ba su san ta ba.

Sai na sa aka kawo mini kekenta. Tsohon keke ne na ƙafa, baƙi, mai nauyi, ya daɗe a rufe. Na ajiye shi a ɗakinta, inda za ta gan shi daga kan gado. Ranar ce na fara ganin haske a idonta tun faɗuwarta. Da hannun dama take nuna mini, da 'yan kalmomin da suke fita da ƙyar. Na buɗe farantin da ke ƙarƙashin allura, na kwashe ƙurar zare da ta dunƙule a tsakanin haƙoran da ke jan yadi. Na ɗiga man keke a ramukan da ta nuna, ɗigo ɗaya-ɗaya. Bel ɗin fata ya saki, aka rage shi. Na koyi taka feda ba tare da zare ba, har ƙafata ta daina barin ƙafar keken ta juya baya.

A lokacin na fahimci yadda keke ke ɗinki, abin da na taso ina gani ban taɓa tambaya ba. Zare biyu ne: na sama da allura ke shiga da shi, da na ƙasa da ke cikin bobin. Allurar keke idonta a baki yake, kusa da tsini. Idan ta huda yadi ta fara dawowa, zaren yakan yi ɗan madauki a ƙasa, ƙoshiya, wato ƙarfen da bobin ke zaune a ciki, ta cafke shi ta zagaya da shi bayan zaren bobin, su sarƙe a tsakiyar kaurin yadin. Daga baya na karanta cewa wani Ba'amurke, Elias Howe, shi ya yi rajistar irin wannan ɗinkin a 1846, Isaac Singer kuma ya fito da nasa keken a 1851. Na yi mamakin cewa dabarar da ke cikin keken Inna da ta cikin keken lantarki na yau duk ɗaya ce. Idan zare biyun nan ba su daidaita ba, ɗinki ba ya kyau. Ranar farko zare ya cunkushe a ƙasan yadi, na kai hannu zan ciro bobin, sai na ji Inna ta ce, a hankali, kalma-kalma, "Zaren... sama... ne." Haka abin yake. Idan kika ga tarin zare a ƙasa, yawanci na sama ne bai shiga tsakanin faifan da ke matse shi ba. A ɗaga ƙarfen da ke danne yadi, a sake zura zaren tun daga farko, magana ta ƙare.

Rigar da muka yi, ni da ita, bari in faɗe ta dalla-dalla, ko Allah zai sa ta amfani wani mai jinya. Auduga zalla na samo, mai laushi, na wanke ta na shanya na goge kafin almakashi ya taɓa ta, domin auduga tana shiga a wankin farko, kuma rigar mara lafiya kullum cikin wanki take. Bayan rigar falle ɗaya ne, babu ɗinki a tsakiya. Gaba a buɗe daga wuya har ƙasa, ɓari ɗaya ya hau kan ɗaya da faɗi, don kada jiki ya bayyana idan ta zauna. Hammata na zurfafa ta sosai, hannun kuma mai faɗi, yadda hannun da ya shanye zai shige ba tare da an ɗaga kafaɗa ba. Ɗinkin gefe na yi shi sau biyu, irin wanda ake kira ɗinkin Faransa: a fara haɗa yadin ta fuskar waje da ɗan siririn baki, a rage bakin da almakashi, a juya, a goge, a sake bi ta ciki, sai bakin yadin ya shige ciki ya ɓuya, babu abin da zai goge fata. Maɓallai kuwa manya na sa, na ɗinka su da ɗan wuya na zare don su tashi daga jikin yadi, maimakon rami kuma na saƙa madaukai da kwarashi, masu faɗin da babban yatsa zai shiga.

Da na sa mata, na zura hannun hagu, na zagayo da rigar ta baya, ta zura na dama da kanta. Na kai hannu zan ɓalla maɓallin farko, ta ture hannuna. Ta kama madaukin da babban yatsa da manuni, ta jawo shi, ya kuɓuce. Ta sake. Na zauna a bakin gado na haɗe hannuwana a cinya don kada in taimaka. Ta ɗauki lokaci mai tsawo, gumi ya tsatso a goshinta, amma ta ɓalla su duka har ƙasa. Sannan ta kama gefen rigar ta juya cikinsa ta duba ɗinkin, ta ɗago ta dube ni ta ce, "Allah ya yi miki albarka." Na samu ƙarin girma a wurin aiki, na karɓi takardun shaida, amma babu abin da na taɓa yi a rayuwata da ya kai wannan rigar a wurina.

Na yi mata irinta da yawa, launi-launi, tana zaɓar yadi da kanta. Da su ta yi sauran kwanakinta. Allah ya jiƙan Inna, ya sa ciwon ya zama kaffara.

Bayan rasuwarta na yi zaton zan rufe keken. Sai na tarar ba zan iya ba. Idan na idar da sallar isha'i, yara sun kwanta, lokacin da na saba juya ta da shafa mata mai, sai hannuna ya rasa abin yi. Na koma kan keke, na kuma shiga koyo da gaske, daga littattafai da bidiyon intanet da tambayar duk wanda ya fi ni sani.

A saƙa, abin da ya raba mai yin shimfiɗar tebur da mai yin rigar sawa shi ne gwaji. Kafin ki fara riga, ki saƙa ɗan ƙyalle da ya ɗan wuce santimita 10 a tsaye da kwance, ki wanke shi yadda za ki riƙa wanke rigar, ya bushe, sannan ki ƙirga ido nawa ne a cikin santimita 10. Hannun kowa daban ne. Mata biyu da zare ɗaya da kwarashi mai milimita 4 iri ɗaya, ɗaya tata ta fito a matse, ɗaya a sake. Bambancin ido ɗaya a santimita 10 kamar ba komai ba ne, amma idan ya zagaya ƙirji sai ya zama santimita da yawa. Idan saƙarki ta matse, ki ɗauki kwarashi mafi kauri. Idan ta sake, ki sauka. Takardar da ke naɗe da curin zare ma ba ado ba ce. Tana faɗin nauyi, giram 50 ko 100, da tsawon zaren, da kaurin kwarashin da ya dace, da lambar rini. Lambar nan ita mutane suka fi rainawa. Curi biyu masu launi ɗaya da aka rina a tukunya daban sukan bambanta kaɗan, ba a gani a hannu, sai an saƙa an fita rana layi ya bayyana a tsakiyar riga. Shi ya sa nake sayen abin da zai ishe ni gaba ɗaya, har da ƙarin curi guda, domin kwarashi yana cin zare fiye da kibiya.

Kowane zare da halinsa. Na auduga yana shan gumi, yana fito da zanen saƙa sarai, amma ba ya miƙewa ya dawo, kuma doguwar riga da aka saƙa da shi nauyinta kan ja ta ƙasa. Ulun gashin tumaki yana da ɗumi, yana komawa yadda yake, amma idan ya haɗu da ruwan zafi da cuɗa sai ya dunƙule ya ƙanƙance, ba ya dawowa. Zaren roba, wanda ya fi yawa a hannun masu koyo, yana jure wanki, sai dai dutsen guga mai zafi yana narkar da shi. Kayan saƙa duka a shimfiɗe nake shanya su a kan tawul, ba a kan igiya ba. Wani abin lura ga mai bin tsarin saƙa na intanet: Amurkawa da mutanen Ingila ba su daidaita a sunayen ɗauri ba, abin da na farko ke kira ɗauri ɗaya, na biyun ɗauri biyu suke ce masa. Ni na fi son tsarin da aka zana da alamomi, irin wanda Japanawa suka ƙware a kai, inda ɗan ƙwai ke nufin sarƙa, sanda mai gicciye kuma ɗauri. Ko ba ki jin harshen, idonki zai karanta.

A ɗinki kuwa, na gano rabin aikin ba a kan keke yake ba. Yadi yana da zaren tsaye, wanda ke bin gefensa, da zaren kwance. Idan aka yanka riga a karkace da zaren tsaye, bayan wanki sai ɗinkin gefe ya murɗo gaba, babu gugar da za ta gyara. Ina barin santimita 1.5 na bakin ɗinki, kuma duk layin da na ɗinka sai na goge shi kafin wani ya hau kansa. Wannan gugar ita ce bambancin rigar da ta zauna da wadda ta kumbura. Allura ma tana dakushewa. Mai lamba 70 ta yadi mara kauri ce, 80 da 90 na matsakaici, 100 ta mai kauri irin jins. Idan keke ya fara tsallake ɗinki ko yana ƙwanƙwasa, kafin a zargi keken a sauya allura.

Abin da ban zata ba shi ne yadda ɗinki ya sasanta ni da jikina. Bayan haihuwa jikina ya sauya, sama lamba ɗaya, ƙasa wata, hannuna kuma dogo. Duk rigar da na gwada a kanti, in ta zauna a kafaɗa ta kama ƙugu. Shekaru na yi ina jin kamar ni ce ba daidai ba. Ranar da na ɗauki tef na auna kaina, ƙirji, ƙugu, faɗin baya, tsawon hannu, na rubuta a littafi, sai na ga lambobi ne kawai, babu mai kyau babu mummuna. Na ƙara 'yan santimita na walwala, na zana a takarda, na yanka. Rigar ta zauna. Masu kamfani suna yanka wa dubban mutane da awo ɗaya ne, dole wasu su faɗo a tsakani. 'Yata ta fari tana shiga shekarun da yarinya ke fara tsarguwa da jikinta, kuma na ga amfanin wannan a kanta. Ba ta taɓa jin an ce ta yi wa riga yawa ba. Idan ta matse, sai ta kawo mini mu buɗe ɗinki.

Idona ma ya buɗe a kan kayan kanti. Da ina ɗauka inji ke fitar da su. Yanzu idan na juya cikin riga na ga yadda aka ɗora wuya aka sa zif, na san mutum ne ya zauna ya tura yadin nan da hannunsa a ƙarƙashin allura. Saƙar kwarashi kuwa har yau babu injin da ke yin ta yadda hannu ke yi. Akwai masu kwaikwayonta, amma idan ta gaske ce kika gani a rataye, wata ce ta saƙa ta ido-ido. Idan na ga an zubar da farashinta sai jikina ya yi sanyi, don na san sa'o'in da ta ci. Lokacin da ginin Rana Plaza ya rufta a Bangaladash a watan Afrilun 2013, mutum fiye da 1,100 suka mutu, mafi yawansu masu ɗinka tufafin da ake kaiwa ƙasashen waje. A lokacin labari ne na ji na wuce. Sai da na zauna a kan keke, bayana ya ƙage, na san su waye aka rasa. Ban daina sayen kaya gaba ɗaya ba, amma na rage, kuma abin da na saya ina gyara shi in ya yage, ba na jefarwa.

Yayata ta fi kowa matsa mini a kan in mayar da abin sana'a. Takan ce, "Ke dai kina wasa da baiwa. Ki ɗora hotuna a Instagram mana, ki ga yadda za a yi miki ca." Nakan ce, "Yaya, na ji, Allah ya bar zumunci." Don ƙauna take faɗa, kuma ba ta yi ƙarya ba. Zare da allura sun rufa wa mata asiri tun ba yau ba. Da su Inna ta biya mana kuɗin makaranta. A ƙasar Ailan, lokacin babbar yunwar da ta fara a 1845, leshin kwarashi da mata da yara suka riƙa saƙawa ana sayarwa waje ya ceci gidaje da yawa. Duk macen da ke ci da wannan sana'a ina girmama ta, kuma ina roƙon masu saye su daina yi mata tayin wulaƙanci. Amma ni Allah ya ba ni wata hanyar abinci, wannan kuwa wani abu ne daban a wurina. Duk sauran sa'o'ina akwai mai jiran su: ofis, gida, yara. Idan na karɓi kuɗin wani, na sa ranar karɓa, sa'ar nan ɗaya ta dare ma ta zama tasa. Zan fara sauri, in daina ɗinkin Faransa saboda yana cin lokaci, in riƙa yi wa wadda ban sani ba irin rigar da na yi wa wata. Ni kuwa abin da na koya a ɗakin Inna shi ne in dubi mutum ɗaya, in san inda ke yi masa ciwo da launin da yake so, in yanka domin shi. Don haka nake yin kyauta da abin da na ga dama, ga wanda na ga dama. Idan na ji wani na da mai shanyewar jiki a gida, nakan je in auna, in kawo riga, in bar musu takardar yankan don telansu ya ƙara musu.

Ba zan ɓoye wahalarsa ba. Wanda ya shiga don ya rage kashe kuɗi zai sha mamaki, domin zare mai kyau da yadi mai kyau sukan fi ɗinkakkiyar riga tsada, ba a ma sa lokaci a lissafi ba. Wuyan hannu yana ciwo idan aka daɗe ana saƙa, wuya da kafaɗa ma haka, ido kuma yana gajiya da baƙin zare da dare. Yanzu nakan tsaya in miƙe yatsu in zagaya, na sa fitila mai haske a gefen kujerata, kwarashina kuma masu kaurin mariƙi ne. Warwara ma tana cikin aikin. Wani lokaci aikin mako guda za ki zare ki mayar curi saboda kafaɗa ba ta zauna ba, kuma yana da ciwo. Maigidana da farko bai gane ba. Yakan leƙo ya ce, "Maman yara, dare ya yi, keken nan ba zai huta ba?" Sai muka yi yarjejeniya, keke na ƙarshen mako ne da rana, kwarashi da ba ya ƙara shi ne na dare, ina zaune kusa da shi muna hira. Suwaitar da na saƙa masa ruwan ƙasa, da na ƙara wa hannunta tsawo saboda shi ma dogo ne, ita yake nema da zarar iska ta juya.

Yanzu yara sun shigo ciki. Babbar tana taka keken kakarta, ta yi wa kanta siket mai roba a ƙugu. Ƙaramar bahaguwa ce, na rasa yadda zan koya mata kwarashi har sai da na zaunar da ita a gabana muna fuskantar juna, tana kwaikwayon hannuna kamar a madubi. Namijin ma ya ce yana so, na ba shi allurar hannu, shi ke mayar da maɓallan rigunan makarantarsa. Ni kuma wando ne a gabana. Shi ne abin da na daɗe ina kewayewa, saboda lanƙwasar tsakiya ba ta yafiya, santimita ɗaya ya isa ya hana mutum zama. Na warware wani tsohon wandon maigidana da ya fi jin daɗinsa, na goge ɓangarorin, na kwafe su a takarda. Zan fara gwadawa da tsohon zanen gado, in ya zauna sannan in taɓa yadin kirki.